Abin da Langalanga Ta Tona a Kamazou

Mun tashi da asuba daga Zariya, ana sallame salla muka shiga mota, shida saura kwata a agogona. Mu uku ne: ni, da ɗana na fari wanda ke tuƙi, da abokina da muka yi shekara ashirin da shida muna aiki a sito ɗaya kafin mu yi ritaya. Kudancin Kaduna muka nufa, sayen sandunan golf.

Masu bin wannan shafi sun saba ina ba su labarin tafiya da tsari: hanya, farashi, abinci, mutane. Wannan ma haka zan yi. Sai dai akwai abin kunya a cikinsa, kuma zan faɗe shi a daidai inda ya faru, ba zan kawo baya gaba ba.

Dalilin tafiyar biyu ne. Na farko, likita ya ce sukarina ya hau, dole in riƙa tafiya a ƙasa kullum. Ni kuwa ban iya yawo ba dalili ba. Ɗana yana buga golf, shi ya ce in gwada, tunda wasa ne na tafiya mai ƙa'ida, rami na ɗaya sannan na biyu har zuwa na goma sha takwas, ba a tsallake. Wannan ya kwanta mini.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Da Babbar Salla jikata, 'yarsa mai shekara biyar, tana zaune a tsakar gidana tana zane a littafi da hannun hagu. Na ce ta sauya. Ta sauya, ta koma. Sau uku ina faɗa. A na huɗu na juya mafici na buge bayan hannun da mariƙinsa, a gaban kowa. Ubanta ya miƙe. Ya kwashi iyalinsa suka tafi tun ba a gama rabon nama ba. Wata huɗu ke nan, gari ɗaya muke, bai sake kawo ta ba. Shi yakan zo shi kaɗai, ya gaishe ni a zaure minti biyar ya wuce. Shi ma da yana aji ɗaya haka na yi masa, har ɗaure masa hagun nake yi da tsumma a ƙugu in zai yi rubutu. Saboda haka da ya kawo maganar tafiya Kaduna na amsa da sauri. Na ƙudurta cewa kafin mu dawo zan sa ya yarda ya kawo mini yarinyar. Ban shirya ba da haƙuri ba. Na shirya yi masa nasiha ne.

Hanyar Zariya zuwa Kaduna ta yi kyau a yawancin wurare. Damina ta zo ƙarshe, dawa ta fitar da kai, masara ta bushe a tsaye tana jiran masu karya. A Mararrabar Jos muka tsaya shan shayi, inda manyan motoci suka yi layi biyu a gefen titi, direbobi na wanke fuska da buta. Shayi da burodi da ƙwai na mutum uku ya ci abin da a da nake cefanen mako da shi. Mai shayin dai yana da tsabta, kofunansa a kife, na yaba masa. Abokina tun daga Jaji yake tsokanata, wai da tsufana zan koma Bature, in riƙa bin ƙwallo kamar ƙwan zabo a cikin ciyawa. Ya ce in dai tafiya ce likita ke so, ga akuyoyinsa nan ba makiyayi. Ɗana ya yi murmushi sau ɗaya. Ni da shi ba mu yi magana ba sai ta ramukan titi.

Daga Kawo muka bi baifas, muka haye gada ƙarfe takwas saura. Kogin ya cika, ruwan ja wur, masu kwalekwale biyu na jefa taru kusa da gaɓa. Ana sauka sai Kudenda da masana'antunta. Mun dace da sauyin ma'aikata, masu fita da masu shiga, wasu da hular kwano wasu da takalmin ruwa, mata na soya ƙosai da doya a bakin ƙofa. Na ga wata masana'anta inda ma'aikata suka yi layi ɗaya ɗoɗar kowa da katinsa a hannu, raina ya yi fari. Wajen Kakuri kuwa tsofaffin masaƙu ne a rufe, ciyawa ta fito a kan rufi. Na san mutanen da suka ci abinci a can. Ban so kallon ba.

Shirin ɗana shi ne mu fara zuwa Kamazou wurin wani dattijo da ya san harkar, ya gwada ni, sannan mu dawo Makera mu sayi abin da ya ce. Na ƙi. Makera ce a gabanmu, Kamazou na can gaba, ba na son tafiyar je-ka-ka-dawo, ga tsadar mai. Na ce a bi hanya yadda Allah ya shimfiɗa ta. Ya ce to.

Shagon da muka shiga a Makera na wani ɗan kasuwa ne mai kayan gwanjo na waje: kekuna, akwatuna, injinan motsa jiki, keken marasa lafiya. Jakunkunan golf na can ƙurya da yanar gizo-gizo. Ya fito da biyar. Ni kuma na duba su yadda na saba duba kaya in an kawo sito. Na ɗaya, lamba ta cika. Kowace sandar ƙarfe tana da lamba a gindinta, na ga wata jakar daga biyar ta yi tsalle zuwa bakwai, na ture ta gefe, domin kayan da lambarsu ta yi giɓi an taɓa su. Na biyu, babu tsatsa. Na uku, nauyi, don a sanina abu mai nauyi shi ne mai ƙarko. Jaka ɗaya ce ta ci jarrabawa: sanda goma sha huɗu, lamba a jere daga uku zuwa tara, ƙotarsu ƙarfe ce mai tauri, kawunansu sirara suna ƙyalli.

“Alhaji ka san kaya,” in ji mai shagon. “Ni wallahi ban san yadda ake buga ta ba, amma tunda na buɗe shagon nan ba wanda ya taɓa ƙirga mini su.”

Ɗana ya matso ya yi ƙasa da murya. “Baba, da dai an bari an gwada ka tukuna.”

“Shekara ashirin da shida ina karɓar kaya,” na ce, “ba wanda ya taɓa gwada ni.”

Ya so ya biya, na hana. Kuɗin ya kai na rago biyu masu kyau. Mai shagon ya gaya mini tun kafin in biya cewa kayan gwanjo in an saya an saya, na ce na fi shi sanin wannan.

Daga nan muka bi ta unguwar Talbijin zuwa Sabon Tasha, inda cunkoso ya riƙe mu kusan rabin awa. Asabar ce, ranar aure a wannan yanki. Motoci da ribon, mata da anko kala ɗaya cike da keke, daga coci-coci ana jin masu waƙa na gwaji. Kamazou kuwa unguwa ce da ke girma da gudu, gidaje sababbi, wasu an tare ba a yi filasta ba. Kana sauka daga kwalta sai jar ƙasa wadda ruwa ya yi wa kwari. Sau biyu muka sauka don mota ta wuce.

Dattijon ya haura saba'in, Kirista ne ɗan kudancin jihar, gajere mai faɗin kafaɗa. Shekara arba'in ya yi yana ɗaukar wa masu golf jaka a filin Kaduna, yanzu yana gyaran sanduna a gida yana koya wa sababbi. A bayan gidansa ya kafa itace biyu ya rataya tsohon taru a tsakani, ya shimfiɗa guntun kafet a ƙasa inda ake ɗora ƙwallo. Kayan aikinsa na rataye a bango kowanne da ƙusarsa. Tun daga nan na ji zan iya jin maganarsa.

Ya zazzage jakata a kan benci, ya ɗauki mai lamba uku ya duba, ya fashe da dariya.

“Alhaji, wa ya sayar maka da wuƙaƙen nan? Oga ƙarami, kana tsaye aka yi wa Baba haka?”

Ya yi mini bayani ba tare da ya raina ni ba. Siraran kawunan na ƙwararru ne, wurin da ke dukan ƙwallo a jikinsu bai fi kwabo ba, sabon shiga yana bukatar kai mai faɗi mai yafiya. Ƙota mai tauri ta matasa ce masu ƙarfin juyi, mai shekaruna yana bukatar mara nauyi mai ɗan lanƙwasa. Lamba uku da huɗu kuwa, da na yi alfahari da su, ya ce ya ɗauki jakar mutanen da suka shekara ashirin suna wasa ba su taɓa tayar da ƙwallo da su ba. Robar mariƙin duk ta yi santsi, ban ma duba ta ba. Sannan ya ɗauko awon tela, ya tsayar da ni, ya auna daga wuyan hannuna zuwa ƙasa, ya ce sandunan sun fi ni tsawo. Abokina ya ce to a ƙara mini tsawo mana, tunda su an riga an biya.

Dattijon ya ba ni wata sandarsa mai lamba bakwai, ya nuna mini riƙo da tsayuwa, ya ce in buga ashirin a taru. Abokina ne ya ƙirga da ƙarfi. Tara na wuce ƙwallon ban taɓa ta ba. Bakwai na haƙa kafet. Huɗu suka gangara kamar an tura su da tsintsiya, ɗaya ta shige ta ƙasan taru ta kori kaji. Na yi gumi har cikin hula. Na lura dattijon ba ƙwallon yake kallo ba, ƙafafuna yake kallo da kafaɗata.

Ya ce in huta. Can ya miƙo mini langalanga, irin wadda muke sare ciyawa da ita a firamare, ya ce ƙwallayen sun shige ciyawar bayan taru, shi bayansa na ciwo, in ɗan taimaka masa. Na yi mamakin ya bar ɗana a tsaye ya ba ni, amma na karɓa. Na fara da dama. Ciyawar tana kwanciya tana tashi, ba ta yankuwa. Ni kuwa a duniya ba abin da na tsana kamar aiki rabi da rabi. Raina ya ɓaci da ciyawar, na manta da inda nake. Ban san lokacin da langalangar ta koma ɗaya hannun ba. Sara shida ko bakwai na share wurin tas, har gefen katanga na daidaita. Na ɗago ina haki, na ga mutum uku suna kallon hannuna.

“Alhaji,” in ji dattijon, “ai kai bahago ne.”

A nan zan faɗi abin da na ce zan faɗa. Gaskiya ya faɗa. Bahago aka haife ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi ta fama da ni, malamin aji ɗaya ya ƙarasa da gefen rula. Na koyi rubutu da dama, rubutun da har yau in na yi layi goma sai hannuna ya ƙage. Na girma ina jin ana cewa bahago ba ya albarka, ba a son ya fara taɓa kaya da safe. Sai na ɓoye. Guduma, zaren allura, yankan farce, duk da hagu nake yi, amma sai na tura ƙofa. A sito ma haka, in zan buɗe akwati sai na aiki leburori wani wuri. Shekara sittin da uku, a gidana matata ce kaɗai ta sani, ita ma ba ni na gaya mata ba.

Da ma a ce na amsa nan take. Ban amsa ba. Na ce hannun daman ne ya gaji.

Dattijon bai yi musu ba. Ya ce shekara arba'in yana tsaye a bayan mutane yana kallon kafaɗarsu, tun bugu na uku ya gane, langalangar don ni ya kawo ta ba don kansa ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wata sanda guda, ita ma lamba bakwai, amma fuskarta na kallon ɗaya ɓangaren. Sandar golf ba kamar fartanya ba ce da kowane hannu zai ɗauka. An karkata kanta tun daga ƙira, ta dama daban ta hagu daban, ba a juya ta. Ya tsayar da ni a ɗaya gefen ƙwallon. Na buga. Na ji wani sauti tsaf, tarun ya yi baya. Na sake, haka. Na uku, haka. Jikina ya san hanyar tun kafin a nuna masa. Na ji daɗin da na manta rabona da irinsa, kuma a cikin daɗin ne na tuna wanda ke tsaye a bayana.

“Ba… Baba,” ya ce. “Kai… kai ma?”

Ɗana ya yi i'ina tun daga aji ɗaya har ya shiga sakandare, sannan ta bar shi. Shekara ashirin ban ji ta a bakinsa ba sai ranar. Ban juya ba. Na ji takunsa ya fita, na ji ƙofar mota ta rufe. Abokina, wanda bakinsa bai huta ba tun Zariya, ya sunkuya yana tsince ƙwallaye ɗaya ɗaya.

Matar gidan ta kawo faten acca da yakuwa da gyaɗa, mai zafi, mai kyau. Da dama na ci, kuma da dama zan ci har in mutu, wannan koyarwar addini ce ba na wasa da ita, haka bayarwa da karɓa. Amma ina ci ina neman inda aka taɓa nuna mini hukuncin riƙe fensir da hagu, ban samu ba. Ni na haɗa su, don haka aka haɗa mini.

Dattijon ya tambayi abin da ya sami oga ƙarami. Ban san dalili ba, na gaya masa komai, tsumman da mafici da wata huɗun. Mutumin da ban sani ba sai yau, shi na fara gaya wa. Na zaci zai ce haka zamaninmu yake, su ma an yi musu. Ya ajiye cokali.

“Kai, Alhaji. Wanda bai san zafin ba, a ce bai sani ba. Kai ka sani fa.”

Na ajiye nawa cokalin. Ban ƙarasa faten ba.

Azahar ta yi. Matar ta kawo ruwa da tabarma mai tsabta, ta nuna mana gabas ba tare da an tambaye ta ba. Ɗana ya shigo ya yi alwala, abokina ya ja mu, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa ni da shi. Da aka sallame ya tashi ya naɗe tabarmar.

Saura matsalar sanduna. Dattijon ya ce na hagu suna da wuyar samu, a jaka talatin ta gwanjo da ƙyar a sami ɗaya, kuma tasa guda ce ba zai sayar ba. Amma ya san wata mata a Kakau wadda marigayi mijinta bahago ne, ya ɗaukar masa jaka shekaru. Ya kira ta a waya, ta ce mu zo. Ya sa hularsa ya shiga motar. Wato tafiyar je-ka-ka-dawo da na ƙi da safe, na yi ta ninki biyu da rana, ba wanda ya tuna mini, wannan ya fi a tuna mini ciwo.

Muka koma ta Sabon Tasha, muka hau titin Abuja, muka sha cunkoson Gonin Gora. Ana wuce nan gari ya saki hanya, gonaki suka karɓa. A Kakau gefen titi cike yake da sabuwar doya an jera ta tsibi tsibi, da dankali, da buhunan gawayi, da mata masu gasa masara. Doyar ta fi ta Zariya araha sosai, abokina ya sayi tsibi biyu, ya ce shi dai ba zai koma gida da ƙarfe kaɗai ba.

Matar dattijuwa ce mai fara'a, mun same ta tana shanya masara a kan tamfol. Ta sa aka sauko da jakar daga saman kabad, ta goge ta da zaninta. Sanda bakwai ce kawai a ciki: babba mai ƙullutun kai ta bugun nesa, da wata matsakaiciya, da biyar, da bakwai, da tara, da mai kwantaccen kai ta fitar da ƙwallo daga yashi, da ta tura ƙwallo rami. Biyar, bakwai, tara. Giɓin ya sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Dattijon ya ce sabon shiga ba ya jin bambancin shida da bakwai, nauyi kawai zai ƙara wa kafaɗarsa. Ƙotarsu baƙa ce mara nauyi, na ɗaga ɗaya na ji kamar kara. Da a ce da safe ne, da na jefar da ita. Ya auna ta a jikina ta yi daidai, don marigayin ma ba dogo ba ne. Na buga uku a bayan gidan, zuwa cikin gonar da aka girbe. A karo na farko na ga ƙwallona ta tashi sama ta yi tafiya.

“Haka yake bugawa,” in ji matar. “Ranar aurenmu ma da hagu ya sa hannu a takarda, fasto ya ɓata fuska, shi ko a jikinsa. Alhaji, a riƙa buga su fa. In ajiyewa ne, ni ma na iya.”

Ba ta yarda a yi ciniki da ita ba, dattijon ne ya yanke, bai kai rabin abin da na zubar a Makera ba. Ta haɗa mini da tsofaffin ƙwallaye cikin leda. Dattijon ya ce kada in sayi sababbi sai na daina ɓatar da su, takalmin kambas ɗina ya isa, safar hannu guda zan nema ta hannun dama tunda ni bahago ne, kuma in bar babbar riga a gida. Ya riƙe biyu daga cikin sandunan zai sauya musu roba ya aiko. Jakar Makera na bar masa ita, ya koyar da masu tsawo.

Mun sauke shi a mahaɗar Sabon Tasha bayan la'asar. Abokina, wanda ya zauna a gaba tun safe, ya ce barci yake ji, ya koma baya ya rufe fuska da hula. Na san ba barci yake ba. Na zauna kusa da ɗana. Muka haye gada, muka wuce Kawo, muka wuce Mararraba. A al'adarmu uba ba ya sakin baki da ɗan fari, ko sunansa ba na kamawa, kuma na daɗe ina fakewa a bayan wannan. Na ba kaina wa'adi zuwa Jaji. Da muka iso Jaji na ce:

“Na zalunce ka. Na zalunci yarinyar. Kuma ina sane na yi.”

Ya amsa, idonsa a kan titi.

“Nawa ya wuce, Baba. Na ɗauka ba ka sani ba ne, da wannan na yi ta ba ka uzuri. Ita kuwa har yau in za ta ɗauki abu sai ta dubi ƙofa.”

“Za ka kawo ta?”

“A gaban mutane ka buge ta.”

“Na ji.”

“Zan tambaye ta. In ta ce a'a, ba zan tilasta ta ba.”

A zamanina ba a tambayar 'yar shekara biyar. Na buɗe baki in faɗi haka, na rufe.

Mun shiga Zariya ana kiran magariba. Ya sauke jakar a zaure, ya gaida mahaifiyarsa, ya tafi. Washegari bayan karin kumallo na tara mutanen gidan, duk wanda ya ga abin da na yi da Salla, na gaya musu abin da na gaya muku. Matata ta ce ita tun makon farko na aurenmu ta gan ni ta taga ina gyara ƙafar gado da hagu, ta yi shiru ne tana jiran ranar da zan faɗa, ba ta zaci za ta kai shekara talatin da takwas ba.

Ga abin da tafiyar ta koya mini, ga duk mai son fara wannan wasa. Kada ka sayi komai sai wanda ya sani ya ga bugunka. Ka fara sanin hannunka, sannan tsawonka, sannan ƙarfinka, a ƙarshe ka je kasuwa. Sanda bakwai ta ishe ka. Kai mai faɗi, ƙota mara nauyi, roba mai kama hannu. Ƙyalli da cikar lamba ba naka ba ne tukuna. Ilimin da ka yi aiki da shi a wani wuri ka bar shi a mota. Wannan duk asarar kuɗi ce in ka kuskure, ana mayar da ita. Ga iyaye kuwa, masu 'ya'ya irina: ku koya musu ci da sha da gaisuwa da dama, da lallashi, sauran ku ƙyale su da yadda aka halicce su. Ni na san haka a jikina tun ina ɗan shekara shida, na zaɓi in mayar da dukan ga wanda ba zai iya ramawa ba.

Na fara zuwa fili, sau uku ke nan, da hantsi, a gaban kowa, ina tsayawa a gefen da ba a saba gani ba. Sukarin ma ya ɗan sauka.

Asabar da ta wuce sun zo, shi da matarsa da yarinyar. Ta yarda da kanta, in ji shi. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina jikin zanin uwarta, ta ce, “Ina wuni, Alhaji,” hannayenta duka biyu a ɓoye a bayanta. Na amsa. Na ba ta haƙuri da bakina a gaban iyayenta, ta saurara. Ban ce ta matso ba. Minti arba'in suka yi a gidan. Har suka tafi ba ta fito da hannayen ba.